Amsoshin Tambayoyinku: Faifan Third na Soft Machine, Wane Bugu Ya Cancanci Kuɗinka?

Tun ranar da na ambaci faifan Third na ƙungiyar Soft Machine a wannan fili, cikin zancen kiɗan da sai an zauna masa ake jin daɗinsa, saƙonni ba su yanke ba. Ban yi zaton akwai masu son wannan salo da yawa haka a cikinmu ba, kuma na ji daɗi ƙwarai. Salon shi ne rok ɗin da matasan Ingila suka faɗaɗa a ƙarshen shekarun 1960, wanda masu shi ke taƙaita sunansa da prog: kiɗa mai tsawo, mai sassa da yawa, wanda wasunsu suka cakuɗa shi da jaz har ka rasa inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Ga abin da ya samu na amsoshi a wannan makon.

"Assalamu alaikum. Ina karatu a Bamingham. A wani shagon tsofaffin faya-fayan garmaho na ga Third bugun 1970, mai shagon ya ce fam 60. A kusa da shi akwai sabon bugu a cikin leda wanda bai kai haka ba, ga kuma CD na hannu da kuɗinsa bai fi na abincin rana ba. Raina yana kan tsohon, don an ce bugun farko ya fi fitar da sauti. Me ka gani?" Daga wani ɗalibi.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka ciro kuɗi daga aljihu, bari mu san abin da ke cikin kwalin nan.

Third ya fito a watan Yunin 1970 daga kamfanin CBS. Faifai biyu ne, fuska huɗu, kowace fuska kiɗa ɗaya tal take ɗauke da shi, mai tsawon minti 18 zuwa 19. Jimilla kusan minti 75. Mutum huɗu ne ƙashin bayan aikin: Mike Ratledge a kan ogan da fiyano, Hugh Hopper a kan jitar bes, Robert Wyatt a kan ganguna da waƙa, sai Elton Dean mai busa saksafon. Sun gayyato baƙi huɗu: Lyn Dobson da Jimmy Hastings masu sarewa da sauran kayan busa, Nick Evans mai turombon, da Rab Spall mai gogen Turawa. Fuska uku an ɗauke su ne a sutudiyon IBC da ke Landan a watannin Afrilu da Mayu na shekarar. Fuskar farko kuwa, wato "Facelift", haɗa ta aka yi daga wasa biyu da suka yi a gaban jama'a: ɗaya a zauren Fairfield da ke Croydon ranar 4 ga Janairun 1970, ɗayan bayan mako guda a wani kulob mai suna Mothers da ke unguwar Erdington, a nan garin da kake zaune.

To, ga inda gizo ke saƙar. Maganar cewa bugun farko ya fi fitar da sauti gaskiya ce a faya-fayai da yawa, domin a lokacin tef ɗin asali sabo ne, bai sha juyi ba. Amma Third tun daga tushe muryarsa a dushe take. Duk wanda ya san faifan nan ya san haka. Ganguna suna jin kamar daga ɗaki na gaba ake kaɗa su, kayan busa da ogan suna hawa kan juna, "Facelift" kuma ɗaukar dandali ce da aka yanka aka liƙa, aka juya wani sashen tef ɗin baibai. Wannan dishi-dishin ba laifin injin buga faifai ba ne, a jikin ɗaukar yake. Saboda haka babu bugun da zai wanke maka shi tas, ko na 1970 ne ko na bana. Idan ka biya fam 60 kana jiran ka ji sauti garau kamar ruwan rijiya, za ka koma ɗaki ka yi cizon yatsa.

Abin da fam 60 ɗin ke saya maka shi ne tarihi: kwalin nan mai launin takardar ƙunshi, hoton mutanen a zaune a ɗaki a cikin kwalin, da sanin cewa abin da ke hannunka ya fito ne a shekarar da aka yi kiɗan. Ban raina wannan ba. Akwai masu tara faifai da wannan ne abincin ransu. Amma kai ɗalibi ne, kuma daga wasiƙarka na fahimci kiɗan kake nema.

Shawarata ita ce ka juya bayan CD ɗin nan ka duba. Idan bugun 2007 ne, mai faifai biyu a ciki, ɗauke shi ba tare da ciniki ba. An gyara sautinsa gwargwadon abin da tef ɗin ya yarda, sannan faifai na biyun yana ɗauke da wasan da suka yi a zauren Royal Albert ranar 13 ga Agustan 1970, a bikin kiɗan Proms na BBC. Bikin nan na kiɗan gargajiyar Turai ne, kuma su ne ƙungiyar rok ta farko da aka ba dandalinsa. A wannan ɗaukar za ka ji mutum huɗun nan su kaɗai, ba baƙi, ba yanke-yanken tef, suna kaɗa kiɗa uku, biyu daga cikinsu na Third. A wurina wannan ƙarin kaɗai ya fi ƙarfin kuɗin CD ɗin.

Idan kuma ka ce kai dai sai tsohon, to kada ka saya da ka. Lambar bugun Ingila ita ce CBS 66246, amma lambar kaɗai ba hujja ba ce, don an ci gaba da amfani da ita a buge-bugen da suka biyo baya. Dubi tambarin tsakiyar faifan: na farkon shekarun 1970 ruwan lemo ne bai ɗaya. Sannan akwai ƙananan haruffa da lambobi da aka zana a filin da ke tsakanin ƙarshen kiɗa da tambarin. Ka kwafe su ka gwada da abin da ke shafin Discogs na masu tara faya-fayai, a nan za ka gane ko bugun farko ne da gaske. Zaro faifan biyu duka, ka karkata su a ƙarƙashin fitila. Ƙarcen da ido ke gani amma yatsa ba ya ji, yawanci ba ya damun allura. Wanda farce ya ji ya tsaya a kansa, za ka ji shi ƙas-ƙas a kowane juyi. Masu sayarwa suna da haruffan da suke auna lafiyar faifai da su, NM shi ne kusan sabo, sai VG+, sai VG. Ga wannan faifan musamman kada ka sauka ƙasa da VG+, domin farkon fuska ta huɗu da ƙarshenta sauti ne mai taushi sosai, ƙaramin datti ma sai ya rufe shi. Kuma ka roƙi mai shagon ya ɗora maka wannan fuskar ka ji kafin ka biya. Mai shagon kirki ba zai ƙi ba.

Sabon bugun da ke cikin leda shi ne na ƙarshe a jerina. Nauyin giram 180 da ake rubutawa a jikin irinsu yana nufin robar ta fi kauri, ba ya nufin sautin ya fi kyau.

"Malam, na sauke faifan nan a wayata saboda yabon da ka yi masa. Wallahi ban iya wuce minti huɗu ba. Ƙara ce kawai kamar injin niƙa ya lalace. Ko dai ba shi na sauke ba? Na yi asarar data ke nan?" Daga wani mai karatu a Kano.

Shi ka sauke, ɗan'uwa, kuma ba ka yi asara ba. Ka shiga gidan ne ta ƙofar da ta fi kowacce ƙunci.

Abin da ka ji shi ne farkon "Facelift". Ratledge ne shi kaɗai a kan ogan ƙirar Lowrey, wanda ya bi da shi ta wata na'ura da ke sa sauti gurnani. Mintoci da dama yana haka kafin sauran su shigo, kafin jigon kiɗan ya bayyana. Mutane da yawa a nan suke ajiye faifan, ba su sake komawa ba, kuma abin yana ba ni takaici, don abin da ke gaba ya fi abin da ya kore su nesa ba kusa ba.

Ka tsallake zuwa na biyu, "Slightly All the Time". Da jitar bes yake farawa, a hankali, da wani ɗan zagaye da Hopper ke maimaitawa, sai kayan busa su hau kai da wata murya mai sanyi. Wannan shi ne wurin da jaz ya fi fitowa fili a faifan. Ka kasa kunne ga abu ɗaya a sauraron farko: bes ɗin. Ka bi shi kamar yadda ake bin igiya a cikin duhu. Za ka lura ƙirgen kiɗan ba irin na huɗu-huɗun da kunne ya saba da shi ba ne, yakan zo da ƙari ko ragi, sai ka ji kamar ƙafa ta tsallake matakala ɗaya. Da gangan ne. Can wajen tsakiya sarewa za ta karɓa, ganguna su ƙara sauri, sannan kusa da ƙarshe komai ya lafa, Elton Dean ya yi wata busa mai taushi wadda ni dai ban taɓa jin ta ba tare da na dakatar da abin da nake yi ba.

Bayan shi ka je na huɗu, "Out-Bloody-Rageous". Shi ma yana da doguwar shimfiɗa, amma mai laushi ce: ƙananan sautuka da aka ɗauka a tef aka riƙa maimaita su suna hawa kan juna, dabarar da Ratledge ya koya daga aikin Ba'amurken nan mai tsara kiɗa, Terry Riley. Ka yi haƙuri da ita kamar minti biyar. Idan fiyano da bes suka faɗo, za ka gane dalilin jiran. A nan ne kuma za ka ji salon Ratledge sosai, yatsunsa ba sa barin tazara tsakanin sauti da sauti. Asalin abin dole ce ta sa: da ya ɗaga hannu lasifikar sai ta yi kuwwa, sai ya koyi kaɗawa ba yankewa, dolen ta zama salonsa.

Na uku, "Moon in June", shi kaɗai ne mai waƙa. "Facelift" kuma ka bar shi sai ƙarshe, bayan kwana biyu ko uku. A lokacin kunnenka ya san muryar kowane ɗayansu, gurnanin nan zai zame maka sallamar wanda ka sani.

Akwai wani abu da nake ganin yana wahalar da mu musamman. Mu mun tashi ne a inda kiɗa ke yi wa magana hidima. Ko kalangu ne ko kotso, kunnenmu yana jiran abin da mawaƙi zai faɗa, ko kuma abin da gangar kanta ke faɗa a take. Tsawo ba ya ba mu tsoro, mun saba da waƙar da za ta cinye fuskar kaset guda. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne minti 19 babu kalma ko ɗaya. A irin wannan kiɗan saksafon da ogan su ne masu maganar, bes da ganguna su ne 'yan amshi, kuma yawancin abin da mai busa ke yi a take yake ƙirƙirarsa, ba a rubuce yake ba. Idan ka saurare shi da wannan tunanin, zai buɗe maka.

Batun data kuwa, minti 75 a inganci mai kyau, wato 320kbps, bai wuce megabayit 180 ba. Tunda ka riga ka sauke, kada ka goge. Sai dai ka daina ji ta lasifikar waya. Ba ta iya fitar da sautin bes, kuma bes shi ne igiyar da na ce ka riƙe.

"Maigidana yana son irin wannan kiɗan tun yana jami'a, yana da faya-fayai kusan ashirin da ya gada wurin yayansa, amma babu garmahon da zai ɗora su. Ƙanena da ke Amurka ya ce zai aiko da na hannu mai kyau. Wata ƙawata kuma ta ce in sayi ƙaramin nan mai kama da akwati, mai lasifika a jikinsa, ya fi sauƙi. Wanne ya fi?" Daga wata mai karatu a Kaduna.

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, wannan kyauta ce ta wadda ta san mijinta. Amma duka hanyoyin biyu akwai rami a cikinsu.

Na akwatin nan ki bar shi. Allurarsa tana danna faifai da nauyin da ya ninka na garmahon kirki sau biyu ko fiye. Garmaho mai kyau yana aza kamar giram 2 ne kacal a kan faifai, kuma yana da wani ɗan ƙarfe a bayan hannunsa da ake juyawa a daidaita nauyin. Na akwati yawanci ba shi da wannan. Ga lasifikar tana manne a jiki ɗaya da faifan, tana girgiza shi. Faya-fayan da aka gada, waɗanda ba a samun madadinsu a kasuwa, ba su ne za a yi gwaji da su ba.

Na Amurka kuma matsalarsa wuta ce, kuma matsalar biyu ce, mutane ɗaya suka sani. Ta farko ƙarfin wutar: can 120V ne, mu nan 230V. Wannan ƙaramar taransifoma tana maganinsa. Ta biyun ita ce wadda ke kama mutane. Wutar Amurka tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. Akwai garmahon da injinsa da wannan bugun yake auna saurinsa, musamman tsofaffi da yawa masu juyawa da bel na roba. Idan aka kawo irinsa nan, taransifoma ba za ta gyara komai ba. Faifan da ya kamata ya yi juyi 33 da sulusi a minti sai ya yi kusan 28. Kiɗan minti 19 ya koma kusan 23, kowace murya ta yi ƙasa ta yi nauyi. Ana iya canza ɗan ƙarfen da bel ɗin ke zagayawa a kansa, amma samun wanda ya dace wahala ce.

Saboda haka ki ce wa ƙanenki ya ɗauki hoton takardar da ke manne a bayan garmahon ko a jikin abin cajinsa ya turo miki. Idan kin ga an rubuta 100-240V da 50/60Hz, shi ke nan, zai yi aiki a Kaduna. Idan 120V da 60Hz kaɗai aka rubuta, sai ya nemi wani. Wanda aka yi don kasuwar Ingila ya fi dacewa da mu, wutarmu ɗaya, har bakin soket ɗin ma iri ɗaya ne. Ya kuma tambaya ko yana da ƙaramin amfilifaya na allura a cikinsa. Sautin da allura ke fitarwa ƙanƙane ne ƙwarai, sai an ɗaga shi an daidaita shi kafin ya shiga lasifika. Sababbi da yawa suna zuwa da shi a ciki. Idan babu, sai rediyon gidan yana da ramin da aka rubuta PHONO, ko a sayi na'urar daban. In na hannu ne, a sa sabuwar allura cikin lissafi tun yanzu, don ba wanda ya san awa nawa tsohuwar ta yi, kuma allurar da ta cinye tana cin faifai. A cire farantin da ake ɗora faifai a kai, da ɗan ƙarfen nauyin, a naɗe su daban kafin a rufe kwali.

Sai abin da ya fi garmahon muhimmanci, wato faya-fayan kansu. Roba ce, zafi yana lanƙwasa ta, kuma wanda ya lanƙwashe da wuya ya miƙe. Kada a bar su a mota, ko kusa da taga, ko a saman durowa dab da rufin kwano a watan Afrilu. A jera su a tsaye kamar littattafai, kada a ɗora wani kan wani. Lokacin hunturu ƙura da bushewar iska suna sa faifai ya riƙa jan datti kamar maganaɗisu, don haka a sayi burushin goge faifai, a shafa kafin kowane ɗorawa, a rufe garmahon idan an gama. Kada a goge da tsumman ɗaki. Kuma idan da janareta ake, a bi da shi ta stabilaiza.

"Ni mutumin Fela ne da Miles Davis. Kuɗin faifai ɗaya gare ni a wannan watan. Abokina ya ce in sayi Red na King Crimson, kai kuma kana ta Third. Raba mana gardama." Daga wani mai karatu a Jos.

Abokinka bai yi maka mugun zaɓi ba. Red ya fito a Oktoban 1974, kiɗa biyar ne cikin kusan minti 40, kuma sautinsa ya fi na Third tsabta nesa ba kusa ba. Robert Fripp ne a kan jita, John Wetton a kan bes da waƙa, Bill Bruford a kan ganguna, wanda ya baro ƙungiyar Yes a 1972 don ya samu filin kaɗa abin da ya fi kusa da jaz. Akwai saksafon na Mel Collins da Ian McDonald a kiɗan ƙarshe, "Starless", mai minti 12, akwai kuma "Providence" da suka ƙirƙira a take a kan dandali a Amurka. Amma zuciyar Red jita ce mai nauyi da duhu. Rok ne da ya ɗanɗani jaz.

Third kuwa ba shi da jitar da ke jan gaba ko kaɗan. Ka tsaya ka yi tunanin wannan: ƙungiyar rok a 1970, wadda shekara biyu kafin nan take zagaya Amurka tana buɗe wa shahararren mai jita Jimi Hendrix dandali, ta fitar da faifai biyu babu mai jita. Ogan da saksafon ne a gaba. Watanni kaɗan ne tsakaninsa da Bitches Brew na Miles Davis, wanda ya fito a Maris na shekarar, kuma a Amurka kamfani ɗaya ne ya fitar da su, Columbia. Miles daga jaz ya taho yana neman wutar lantarkin rok, su kuma daga rok suka taho suna neman 'yancin jaz, suka haɗu a tsakiyar hanya. Wanda ya iya zama da fuskar faifan Fela guda, bes yana zagaye ɗaya, kayan busa suna faɗowa tare kafin ɗaya ya ware, ya riga ya san yadda ake sauraron "Slightly All the Time". Don haka a kunnenka, Third.

Sai dai kada in yaudare ka. Abin da Tony Allen, makaɗin Fela, ya yi a kan ganguna, wanda ke sa kafaɗa motsi ko ba ka so, babu shi a nan. Wyatt makaɗi ne mai ban mamaki, amma kiɗansa na yawo ne, ba na rawa ba. Idan wannan motsin kake nema tare da faɗin prog, akwai Osibisa, ƙungiyar da Teddy Osei da Sol Amarfio da Mac Tontoh 'yan Gana suka kafa a Landan a 1969, tare da ɗan Najeriya Lasisi Amao da wasu 'yan Karebiyan. Faya-fayansu biyu na farko duk a 1971 suka fito, kuma giwayen nan masu fukafukai da ke jikin kwalayen zanen Roger Dean ne, mutumin da daga baya ya yi suna da zanen kwalayen Yes. A shekarar ce kuma Fela ya fitar da faifan da ya yi da Ginger Baker, makaɗin gangunan ƙungiyar Cream, wanda ya zauna a Legas ya buɗe sutudiyo. Landan ta wancan lokacin ƙarama ce ga makaɗa, kowa yana jin kowa.

Wata mai zuwa ka sayi Red. Ba za ka yi nadama ba.

"Wane irin hedifon ya dace da Third? Ina da dubu kaɗan."

Mai waya, wanda ke rufe kunne gaba ɗaya. A kuɗi ɗaya, mai waya ya fi marar waya sauti, don ba ka biyan kuɗin batir da Bluetooth. Ka guji waɗanda aka rubuta wa ƙarin bes a kwali. Faifan da muryarsa ta riga ta dushe, idan ka ƙara masa kauri sai ya zama kunu. Ka je da wayarka shagon, ka gwada da "Slightly All the Time". Idan kana iya bambance bes da gangar ƙafa, ya isa.

"Ni 'Moon in June' kaɗai nake maimaitawa, muryar mutumin nan ta shiga raina. In sayi faifansu na gaba, Fourth? Kuma zan iya ba ƙanwata 'yar sakandare ta ji?" Daga wata mai karatu a Zariya.

'Yar'uwa, kada ki sayi Fourth don muryar Wyatt, babu ita a ciki. Faifan 1971 ne, kiɗa zalla daga farko har ƙarshe. "Moon in June" ita ce waƙa ta ƙarshe mai kalmomi da ƙungiyar ta ɗauka da shi, kuma ko ita ma sauran ba su yi ɗokinta ba. Shi ya sa a sashen farko kusan shi kaɗai ne yake kaɗa komai, ganguna da ogan da bes, sai can gaba Ratledge da Hopper suka shigo. Idan kin ji kaɗaici a cikin waƙar, ba kunnenki ba ne ya ƙirƙira. Ya fara tsara ta ne a 1968 yana Amurka, kewar gida tana cinsa, ya kuma ɗauke ta a lokacin da ƙungiyar da ya kafa take juya wa waƙa baya. Bayan Fourth ya bar su.

Batun ƙanwarki, a'a, ki dakata. A farkon waƙar akwai zancen namiji da mace da aka faɗa a fili, ba na yara ba ne. Sauran fuska ukun babu kalma a cikinsu, za ki iya ba ta. Idan kuma waƙa mai daɗi kike so ku ji tare daga wannan zuriyar, ki nemi In the Land of Grey and Pink na ƙungiyar Caravan, na 1971, ki fara da doguwar fuska ta biyu wadda yawancinta kiɗa ne. Su da Soft Machine tushensu ɗaya, wata ƙungiyar samari ta garin Kantabari mai suna Wilde Flowers, kuma Jimmy Hastings da ya busa sarewa a Third yayan mawaƙinsu ne, Pye Hastings.

Ke kuma abin da kike nema yana cikin faifan Wyatt mai suna Rock Bottom. A watan Yunin 1973 Wyatt ya faɗo daga tagar bene hawa na huɗu a Landan, ƙafafunsa suka shanye, bai sake kaɗa cikakkun ganguna ba. Ya riga ya fara tsara waƙoƙin kafin haɗarin, ya ƙarasa su bayan ya fito daga asibiti. Faifan ya fito a Yulin 1974 daga kamfanin Virgin, Nick Mason na Pink Floyd ne ya kula da ɗaukarsa, Hugh Hopper ya zo ya kaɗa masa bes, Mongezi Feza ɗan Afirka ta Kudu ya busa ƙaho. Waƙa shida ne, kusan minti 40, kuma sautinsa a fili yake, ba irin na Third ba, don haka kowane bugun CD kika samu ya wadatar. Ki ji shi da dare, daga farko zuwa ƙarshe, a jere yadda aka tsara shi.